Haƙorin Da Aka Ce Ya Mutu Ya Dawo Ta Hanci

A wannan wata zan ajiye maganar makaranta da tarbiyyar yara, in kawo muku wata magana da ta cinye mini yammacin Laraba fiye da goma a shekarar 2024, ina kai da kawowa tsakanin Treichville inda nake koyarwa da Adjamé inda kawuna yake sayar da goro. Ni dai ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Tafinta na zama tsakanin tsoho da likitoci, domin faransancin kawu bai wuce na ciniki ba. Amma tafinta ba ya iya faɗin abin da bai gane ba, shi ya sa dole na yi ta tambaya, na yi ta karatu, har na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, ko wani ya huta da wahalar da muka sha.

Abin ya faro ne da mura. Kawu ya yi wata huɗu yana fama da toshewar hanci, amma ta gefen hagu kaɗai. Majina mai kauri, mai wari, wadda shi kansa yake jin ɗoyinta idan ya sunkuya ya buɗe huhun goro. Kuncinsa yana masa nauyi kamar an ɗora dutse a ƙarƙashin ido. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya yi turare da hayaƙi, ya sayi ƙwayoyi a hannun mata masu faranti. Abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Da na matsa masa muka je wurin likitan hanci da kunne, bayan ya duba, tambayar farko da ya yi ita ce, ko an taɓa yi wa tsohon aiki a haƙoran sama na wannan gefe? Da na fassara, kawu ya yi dariya ya ce: “Ɗana, gaya masa wannan haƙori ya mutu tun shekara uku, kuɗi na biya aka kashe shi. Matacce ba ya ciwo.” Likita ya ce mu je a ɗauki hoton haƙorin mu dawo.

To, a nan ne kuskuren yake, kuma na tabbata ba kawu kaɗai ke da wannan fahimta ba. Abin da muke kira kashe jijiyar haƙori ba kashe haƙori ba ne. A cikin kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, daga ɗakin kuma wasu siraran hanyoyi suna bi ta cikin saiwa har ƙarshenta. Idan ruɓa ta kai ga wannan ɗaki, likita yakan huda haƙorin, ya kwashe abin da ke ciki, ya kankare hanyoyin da wasu ƙananan allurai, ya wanke da magani, sa'an nan ya cike su da wani irin ƙaro da ake kira gutaferka, ya rufe sama. Haƙorin ya daina jin zafi da sanyi. Amma saiwarsa tana nan a dashe cikin ƙashi mai rai, kuma idan ƙwayoyin cuta suka rage a ciki, ko suka sake shiga, za su bi ta ƙarshen saiwa su taru a ƙashin, su yi ta cinsa a hankali. Wani lokaci shekaru suna wucewa mutum bai ji komai ba.

Aiki ne mai kyau idan an yi shi daidai, mafi yawan haƙoran da aka yi wa suna daɗewa ana tauna da su. Abubuwan da ke sa ya lalace sanannu ne. Na farko, a manta da wata hanya. Turmin farko na sama, wanda likitoci ke ba lamba 16 a dama da 26 a hagu, yana da saiwa uku, amma sau da yawa hanyoyinsa huɗu ne, domin ɗaya daga cikin saiwoyin da ke wajen kunci takan ɓoye hanya ta biyu, siririya kamar gashi. Likitan da ke sauri, ko wanda ba shi da madubin ƙara girma, sai ya cike uku ya bar ta huɗu da ruɓarta. Akwai kuma cikon da bai kai ƙarshen saiwa ba, da allurar da ta karye a ciki. Sai babban dalili wanda laifinsa yakan faɗa kanmu mu marasa lafiya, watau rashin komawa a yi wa haƙorin hula. Haƙorin da aka rarake cikinsa ya zama kamar tukunyar da aka kankare, idan ba a sa masa hula ta riƙe shi ba, ciko yakan ɓalle, yawu ya shiga, ko kuma wata rana a ciji abu mai tauri ya tsage har saiwa.

Na kawu ya haɗa biyu. A wurin da aka yi masa aikin farko, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ba a ɗauki hoto bayan an gama ba, kuma ba wanda ya zauna ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Shi kuma da ciwo ya tafi, sai ya ɗauka an gama, ya koma kan goronsa da ɗan cikon wucin gadi a baki. Mutumin da ke cin goro tun asuba har isha'i, ka san abin da zai faru.

Me ya haɗa haƙori da hanci?

A makarantar horon malamai an koya mana ƙasusuwan kai, amma gaskiya ban taɓa lura da wannan ba sai da na ga hoton kawu. A cikin ƙashin kunci, dama da hagu na hanci, akwai kogo mai cike da iska, wanda likitoci ke kira sinis. A jikin baligi yakan ɗauki kimanin mililita 15, watau cokali babba guda na ruwa. Wani likitan Ingila mai suna Nathaniel Highmore ya yi bayaninsa a 1651, har yau wasu littattafai suna kiransa da sunansa. An shimfiɗe cikin kogon da wani tantani siriri mai fitar da majina, kuma ƙofarsa tana can sama, tana buɗewa cikin hanci. Ka ga ke nan idan mugunya ta taru a ciki ba ta da hanyar zuba da kanta, tamkar randa ce da aka huda wajen baki.

Ƙasan wannan kogo shi ne rufin turamen sama. Ka ɗauka gidan sama ne: kogo shi ne ɗakin bene, haƙora kuma suna ƙasa, saiwoyinsu sun miƙe suna taɓa daɓen bene. A wasu mutane akwai ƙashi mai kauri a tsakani, a wasu kuwa ba abin da ya raba saiwa da kogo sai tantanin nan. Idan ƙarshen saiwa ya yi mugunya, hanya mafi kusa da za ta bi ita ce sama. Tun da daɗewa littattafan likitanci suna cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na ciwon wannan kogo daga haƙori yake tasowa, kuma da aka samu na'urorin hoto na zamani an gano abin ya fi haka, musamman idan gefe guda ne. Saboda haka, ɗan'uwa, murar da ta tsaya a ƙofar hanci ɗaya, mai wari, wadda ta ƙi jin magani, a duba haƙoran sama kafin a ci gaba da zargin sanyin fanka ko ƙurar hunturu.

Bari in ɗan tsaya a kan ƙwayoyi, domin a nan rai yake. Kowa a Abijan ya san kasuwar magani ta Roxy a Adjamé, wadda hukuma ta kai wa samame a 2017 aka kwashe kimanin tan 40 na magungunan jabu da na fasa-ƙwauri. Ko da maganin na gaskiya ne, shan mai kashe kumburi irin su ibuprofen da diclofenac a kan haƙorin da ke da mugunya yana rufe ciwon ne kawai, cuta tana ci gaba a ƙarƙashi. Likitocin haɓa da fuska a nan Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa a kan mutanen da ake kawo musu fuska ta kumbura har wuya bayan kwanaki suna shan irin waɗannan ƙwayoyi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ma ba ya shiga cikin hanyar saiwar da ba jini a cikinta, shi ya sa ciwo yake lafawa ya dawo. Idan kumburi ya kai ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko zazzaɓi ya hau, ba a jiran gari ya waye. A nufi babban asibiti, CHU ta Treichville ko ta Cocody, dukansu suna da sashen tiyatar baki da fuska.

A gyara ko a cire?

Mutanenmu da zarar haƙori ya dame su sai su ce a cire a huta. Likitar haƙorin da ta karɓe mu, mace ce mai haƙuri, ta ce da kawu: “Baba, cirewa ita ce ta ƙarshe, domin ba a mayarwa.” Ta ce hanya uku ce. Ana iya sake aikin, a cire tsohon ciko, a nemo hanyar da aka manta, a wanke, a sake cikewa, a sa hula. Binciken da aka tattara ya nuna kimanin uku cikin huɗu na irin wannan gyara suna yin nasara, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka kwatanta kuɗinsa da na dashe. Ana iya kuma yin ƙaramar tiyata, a buɗe dasashi, a yanke ƙarshen saiwar da ya ruɓe, a toshe ta daga can. A turamen sama wannan aiki yana son hannu, tun da kogo yana kusa. Ta uku ita ce cirewa, kuma ita ake yi idan saiwa ta tsage a tsaye, ko abin da ya rage na haƙorin bai isa ya riƙe hula ba.

Da ta buɗe na kawu ta duba, sai ga tsaga ta bi ta tsakiya. Ba gyara. Amma kafin ta cire ta yi mana gargaɗi a kan abin da ka iya faruwa, kuma na ji daɗin da ta faɗa tun kafin ya faru: idan saiwa tana manne da daɓen kogo, cire ta yana iya barin huda tsakanin baki da hanci. Mai irin wannan huda idan ya kurɓi ruwa sai ya ji ya fito ta hanci. Ƙarama takan rufe da kanta idan gudan jini ya zauna a ramin, babba kuwa sai an ja dasashi an ɗinke. Ta raba haƙorin gida uku ta fitar da saiwa ɗaya bayan ɗaya, ta yi ɗinki, ta hana shi fyace majina da zuƙar abin sha da tsinke na tsawon mako biyu, ta ce idan atishawa ta zo ya buɗe baki. Ni na ƙara tambayarta batun shaƙa ruwa a alwala, ta ce ya taɓa ruwa a ƙofar hanci kawai, kada ya ja da ƙarfi sai wurin ya warke. Bayan makonni warin ya ɗauke. Ba kowa ke samun wannan sa'a ba, wasu sai likitan hanci ya shiga da na'ura ya wanke kogon.

Dashe a ƙarƙashin kogo

Da rami ya warke sai 'ya'yan kawu, waɗanda ke ganin tallace-tallace a waya, suka ce sai an yi wa Baba dashe. Dashen haƙori, wanda likitocin nan ke kira ampilan, ƙusa ce mai zare ta ƙarfen titaniyam, ana murɗa ta cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa, daga baya a ɗaura mata haƙori a kai. Asalinsa daga Suwidin ne. A 1952 wani likita mai bincike, Per-Ingvar Brånemark, ya lura cewa titaniyam ɗin da ya sa a ƙashin zomo ya manne har ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, mutumin ya rayu da su kimanin shekara 40. Bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982 ne aikin ya bazu a duniya.

Sai dai ƙusa tana son bango mai kauri. Wanda ya taɓa kafa allo a bangon aji ya san idan siminti ya yi siriri ƙusa ba ta kamawa. Bayan muƙamuƙin sama shi ne wuri mafi wuya a baki, domin ƙashin wajen ya fi taushi, kuma daga ranar da aka cire haƙori yake fara raguwa ta fuska biyu. Daga ƙasa yana shanyewa, har faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko, daga sama kuma kogo yana ƙara saukowa. Ƙusar da aka saba sawa tsawonta milimita 8 zuwa 13 ne. Idan ƙashin da ya rage bai kai ba, aka murɗa ta haka nan, za ta huda tantani, ko ta yi rawa ta faɗi, ko ma ta zame ta shige cikin kogon sai an yi tiyata an ciro ta.

Saboda haka ba a dashe a wannan wuri sai an auna, kuma ƙaramin hoton da aka saba ɗauka bai isa ba, domin yana nuna tsawo ne kawai ba ya nuna kauri. Akwai sikana ta musamman ta haƙori, kon-bim, wadda aka ƙirƙiro a Italiya da Japan a ƙarshen shekarun 1990, mai nuna ƙashi ta kowace fuska, da kaurin tantani, da ko ƙofar kogo a buɗe take. Na kawu da aka auna bayan wata huɗu, milimita 3 ne kacal. Na ɗauko rula daga jakata na nuna masa, ya duba ya ce: “Wannan ai ɓawon goro ya fi shi.”

Maganin wannan shi ne ɗaga daɓen kogo. Wani likitan Amurka, Hilt Tatum, ya fara shi a shekarun 1970, Boyne da James suka buga bayaninsa a 1980. Ana buɗe 'yar taga a gefen ƙashi ta cikin baki, a ɗaga tantanin a hankali kamar mai ɗaga fatar dafaffen ƙwai, a zuba garin ƙashi a ƙarƙashi, a rufe. Idan ƙashin da ke akwai ya kai milimita 5 ko fiye, akwai hanya mai sauƙi da Summers ya bayyana a 1994, inda ake tura daɓen sama kaɗan ta ramin da za a sa ƙusar, a yi komai a zama ɗaya. Ga mai milimita 3 irin kawu sai taga, sa'an nan a jira wajen wata shida garin ya zama ƙashi, a sa ƙusa, a sake jiran wata uku zuwa shida ta kama, kafin a ɗora haƙori. In ka haɗa, wata tara ne zuwa shekara guda. Matsalar da ta fi aukuwa ita ce yagewar tantani, ƙwararre yakan like shi ya ci gaba, ko ya dakatar sai ya warke. Kuma ba a fara wannan aiki sai kogon ya tsarkaka daga tsohon ciwo.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba sai sun tambaya. Garin ƙashin nan iri-iri ne: akwai wanda ake ɗiba daga jikin mutum kansa, akwai na haɗin masana'anta, akwai na saniya, akwai kuma na alade, kuma ɗan tantanin da ake rufe taga da shi sau da yawa daga alade ake samunsa. Wanda abin ya dama ya tambaya tun kafin ranar aiki, akwai zaɓi. Haka kuma mai shan sigari, da mai ciwon suga wanda bai daidaita ba, da mai ciwon dasashi, dashe ya fi saurin lalacewa a bakinsu. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi ko na tsinka jini ya faɗa wa likita, kada ya ɓoye.

A ra'ayina, kuma ra'ayin malamin makaranta ne, ba kowane gurbi ne sai an dasa ba. Akwai gada, inda ake fere haƙoran gefe biyu a ɗora uku a haɗe, ta fi sauri, amma ana taɓa lafiyayyun haƙora. Akwai na cirewa, mai araha, ko da yake tsofaffi da yawa suna ajiye shi a aljihu. Akwai gajerun ƙusoshi na milimita 6 da ake amfani da su yanzu idan ƙashi ya ɗan isa, don a kauce wa taɓa kogo. Idan kuwa turmin can ƙarshe ne aka rasa, sauran kuma suna nan lafiya, mutum yana iya zama haka. Kuɗin dashe da ɗaga kogo magana ce ta jikkuna ɗaruruwa, kuma na ga yadda ake jin kunyar tambaya. A nemi takardar lissafi a rubuce, wadda ta haɗa hoto da garin ƙashi da ƙusa da hula, domin wasu farashin ƙusa kaɗai suke faɗa da farko. Mai katin CMU, wanda ake biya wa jika guda a wata, ya tambaya a wurin wane aiki katin ya ɗauka, kada ya je da zato. A nemi kuma sunan kamfanin ƙusar da lambarta a rubuce, domin mu mutanen tafiya ne, idan ta kwance a Maraɗi ko Kano, likitan can sai ya san irinta kafin ya samu abin murɗa ta.

Likitocin haƙori na ƙasar nan a jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody ake horar da su, kuma akwai cibiyar duba haƙori da ke CHU ta Cocody inda malamansu da ɗalibai ke karɓar jama'a. Akwai kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa mai riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su yi aikin. Mai haɗa haƙoran roba a lungu, komai gwanintarsa, ba shi da hurumin huda ƙashi. Wanda faransancinsa bai nuna ba ya tafi da ɗa ko ƙane mai karatu, su riƙe duk hoton da aka ɗauka a cikin ambulan guda.

Da likita ta gama jera wa kawu watannin, ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sa'an nan ya ce in tambaye ta ko gadar za ta ɗauki goro. Ta ce za ta ɗauka idan bai sa mata ƙarfi ba, amma haƙorin da ke bayan gurbin shi ma yana son ciko tukuna. Ya zaɓi gada. An yi cikon, an auna, an sa ta a watan Disamba na 2024. Magogin goron da ya saya a lokacin jinya, wanda da farko yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur kada abokan ciniki su ce ya tsufa, har yanzu da shi yake amfani idan goron ya yi tauri, kuma duk wata shida nakan hau gbaka in je in ɗauko shi a duba.